Rokar Wasa: Iyaye da Yara a Fili Ɗaya

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da iyaye suke yi tare da ƴaƴansu ranar hutu. Suna haɗa ƴar ƙaramar roka da hannunsu, su tafi fili, su harba ta sama. Tsawonta bai cika wuce kamu ɗaya ko biyu ba. Amma tana iya tashi mita 100, wata ma har mita 300. Daga nan sai ta buɗe ƴar laima, ta sauko a hankali, yara su ruga su ɗauko ta.

Yadda abin ya fara

Ranar 4 ga watan Oktoba na shekarar 1957, Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko. Sunansa Sputnik. Labarin ya game duniya. Samari da yawa a Amurka suka ce su ma sai sun yi tasu roka. Suka riƙa ɗura albarushi cikin bututun ƙarfe. To, kun san wuta ba ta da aboki. Bututu ya kan fashe. Wasu suka rasa yatsu, wasu ido, wasu ma ransu.

Akwai wani mai sayar da takalma a jihar Nebraska, sunansa Orville Carlisle. Ya san aikin albarushi ƙwarai. Tun 1954 shi da ɗan'uwansa suka ƙera wani ɗan inji na rokar wasa, wanda aka riga aka haɗa, ba sai yaro ya dama komi ba. A 1957 ya aika wa wani injiniya mai suna Harry Stine samfurinsa. A wannan shekara suka kafa ƙungiyar masu rokar wasa ta Amurka. A 1958 kuma Vernon Estes ya buɗe kamfanin yin irin waɗannan injuna a jihar Colorado. Daga nan wasan ya zama na iyali.

Mi ke cikin rokar?

Jikinta bututun kwali ne. Kanta mai tsini ne, na roba ko na icce marar nauyi. A gindinta akwai fukafukai 3 ko 4, kamar gashin da wasu maharba ke sa wa kibiya don ta tafi sak. Ba a yin jikin da ƙarfe.

Injin bai fi babban yatsa girma sosai ba. Takarda ce mai kauri aka naɗe, da albarushi danƙare a ciki. Sau ɗaya ake aiki da shi. Ana sa masa harafi: A, B, C, D. Kowane harafi ya ninka na bayansa ƙarfi sau 2. Ba a kunna shi da ashana. Da batiri ake kunna shi, ta doguwar waya, mutane suna tsaye nesa.

Mi ya sa take tashi?

Ku hura balan-balan, ku sake shi ba ku ɗaure ba. Iska za ta fita ta baya, shi kuwa ya yi gaba. Haka roka take. Tana tura hayaƙi ƙasa da ƙarfi, hayaƙin kuma ya tura ta sama. Wani masani na Ingila, Isaac Newton, ya rubuta wannan doka a 1687. Babbar rokar da ta kai mutane wata a 1969, ita ma da wannan doka ta tashi.

Dokokin wasan

Masu wasan suna da dokoki, kuma ba sa wasa da su. Kowa ya ja baya aƙalla mita 5. A ƙirga da ƙarfi: 5, 4, 3, 2, 1, don kada a shammaci kowa. Ba a harbawa in iska ta yi yawa. Ba a harbawa kusa da busasshiyar ciyawa. In roka ta maƙale a wayar lantarki, an bar ta ke nan. Rai ya fi roka.

Rokar ruwa

Injin albarushi ba abin da za mu nema ba ne a kasuwar Maraɗi ko ta Tawa. Kada kuma wani ya ce zai haɗa nasa da albarushin bindigar maharba. Da rani karan dawa da na hatsi a bushe suke. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye rumbu. Amma akwai rokar da ba ta bukatar wuta ko kaɗan. Ita ce rokar ruwa.

Ga abin da ake nema: gorar roba ta lemo mai gas, ta lita 1 da rabi, toshe na roba ko na icce mai taushi, bakin buga iska na tsohuwar robar tayar keke, kwali, da famfon keke mai doguwar tiyo.

A huda toshen, a cusa bakin iskar a ciki ya kama tam. A yanka kwali a yi fukafukai 3, a manna su ta wajen bakin gorar. A zuba ruwa kashi 1 cikin 3, wato wajen rabin lita. Ruwan wanki ma ya isa, kada a ɓata na sha. A toshe gorar, a kifa ta, bakinta ƙasa, gindinta sama. A tokare ta da bulo don kada ta karkata. Sai babba ya ja baya ya fara buga iska. In iska ta cika, toshe zai fita, ruwa ya feso ƙasa, gora ta yi sama. Tana iya kai tsawon giginya.

Ita ma tana da dokarta. Kada a yi da kwalba, don tana fashewa. Kada kowa ya leƙa kanta lokacin buga iska. Kada a auna ta ga mutum ko dabba. A yi a fili, nesa da gidaje.

Amfanin wasan

Yaro zai auna ruwa, ya ƙirga bugun famfo, ya gwada. In ruwa ya yi yawa, gora ta yi nauyi. In ya yi kaɗan, ba ta da abin turawa. Ku ba shi takarda ya rubuta abin da ya gani kowane gwaji. Ku ma da kuka koyi rubutu da lissafi, ga wurin aiki da su. A bar ƴaƴa mata su ma su riƙe abin awo da alƙalami.

Homer Hickam ɗan garin masu haƙar gawayin ƙasa ne a Amurka. Ganin Sputnik ya sa ya fara rokar wasa da abokansa. Da ya girma, ya zama injiniya a hukumar NASA. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka harba Sputnik?
2. Mi ya sa roka take tashi sama?
3. Don mi ba a yin rokar ruwa da kwalba?
4. Gora mai lita 1 da rabi, ruwa nawa za a zuba mata?