Sirrin da Ke Ƙarƙashin Farar Motar Brawn

A watan Maris na 2009, wata farar mota, kusan babu tambarin masu talla a jikinta, ta shiga filin gwaji na Basalona ta bar su Ferrari da McLaren a baya. Abin ya ɗaure wa kowa kai. Wata uku kafin nan kamfanin Honda ya janye daga tseren Formula 1 saboda karyewar tattalin arzikin duniya, ma'aikatan ƙungiyarsa da ke Brackley a Ingila suna zaman jiran takardar sallama. A ƙurarren lokaci Ross Brawn ya karɓi ƙungiyar, aka cusa injin Mercedes a gangar jikin da aka ƙera domin injin Honda. To, ina wannan marainiyar mota ta samo gudu?

Da farko an ce dabara ce: sun zuba mai kaɗan a tanki don motar ta yi sauƙi, su burge masu kuɗi. Wannan zato ya mutu ranar 29 ga Maris a Melbon, inda direban motar Jenson Button ya zo na ɗaya, abokin tuƙinsa Rubens Barrichello na biye da shi. Sai aka koma kan inji. Nan ma ba a je ko'ina ba, domin McLaren da Force India irin injin nan suke ɗauke da shi, ga su can baya.

Masu ɗaukar hoto suka fara durƙusawa a bayan motar, kuma a nan ne bakin zaren yake. Motar tsere ba ƙarfin inji kaɗai take buƙata ba, tana son iska ta danne ta a kan kwalta don ta sha kwana ba tare da ta zame ba. A ƙarshen cikinta akwai wani mazurari da ake kira difuza, yana buɗewa sama kamar bakin kakaki. Shi ke zuƙo iskar da ke bi ta ƙasa da sauri, motar ta manne da titi. Dokar 2009 ta FIA, hukumar da ke kula da tseren, ta taƙaita tsayinsa zuwa milimita 175, don a rage wannan danniya, motoci su iya bin juna kusa da kusa. Amma a bayan motar Brawn, sama da mazurarin da aka sani, ga wata kafa ta biyu kamar bene.

Ta ina iska ke shiga benen, alhali doka ta ce cikin mota ya zama a rufe ruf idan an kalle shi daga ƙasa? Amsar tana cikin milimita 50. Cikin motar hawa biyu ne: tsakiya ya fi sauka, gefuna sun ɗaga da wannan ɗan tsayi, tsakaninsu kuma akwai siririn bango a tsaye. A jikin bangon aka bar ƙofofin iska. Wanda ya kwanta a ƙarƙashin motar ya dubi sama ba zai ga rami ba.

Ferrari da Renault da Red Bull suka kai ƙara, alƙalan tsere suka yi watsi da ita. Aka ɗaukaka zuwa kotun FIA a Faris, ranar 15 ga Afrilu ta ce ƙirar halal ce. A ganina hukuncin daidai ne, kuma ina jin zafin yadda aka riƙa jifan waɗannan injiniyoyi da kalmar maguɗi. Tun a 2008 Brawn ya nemi a ƙara tsaurara dokar, sauran ƙungiyoyi suka ƙi.

Saura ƙulli ɗaya. Toyota da Williams su ma suna da difuza mai bene tun farkon shekara, amma ko tsere ɗaya ba su ci ba. Bambancin shi ne Honda ta haƙura da motarta ta 2008 tun da wuri, ta zuba kuɗi da watanni a ramin gwajin iska domin motar 2009, sannan ta tafi ta bar gadon. Fukafukan gaba da gefunan motar duk an ƙera su ne don su ciyar da wannan bene da iska.

Button ya ci shida daga cikin tsere bakwai na farko. Kafin abokan hamayya su gama kwaikwayo, tazarar ta yi nisa, ya ɗauki kambun duniya a Burazil a watan Oktoba, ƙungiyarsa ta ɗauki na masu ƙira. Daga kakar 2011 FIA ta haramta difuza mai bene.