Ƙa'idar Matakalar Bene: Abin da Mai Duba Gida Ke Aunawa a Amurka

A Amurka, yawancin masu sayen gida ba sa ƙarasa biyan kuɗi sai sun ɗauko ƙwararren mai duba gida ya zagaya shi ciki da waje. Zai duba rufi, ya leƙa wayoyin lantarki, ya buɗe famfo, ya ga ko ruwa na tsattsafowa ta ƙasa. Idan ya iso matakalar bene kuwa, mai lura daga cikinsu sai ya zaro tef ɗin awo ya durƙusa. Ba don neman suna yake yi ba. Wani bincike da aka yi a kan bayanan asibitocin ƙasar daga 1990 zuwa 2012 ya nuna cewa kowace shekara mutum fiye da miliyan ɗaya ake kaiwa sashen agajin gaggawa saboda raunin da suka ji a kan matakala.

Ma'aunin da yake riƙe da shi a ka ya fito ne daga kundin ƙa'idojin gina gidajen zama da ake kira IRC, wanda ƙungiyar ICC ta fara wallafawa a shekarar 2000, kuma take sabunta shi duk bayan shekara uku. Kundin ba ya zama doka da kansa sai jiha ko birni sun karɓe shi, kuma galibi sukan yi masa gyare-gyare kafin su karɓa.

Kowane mataki yana da abu biyu: tsayin da ƙafa za ta ɗaga, da faɗin wurin da za ta sauka. Kundin ya ce tsayin kada ya wuce inci bakwai da kwata uku, wato santimita 19.6, faɗin kuma kada ya gaza inci 10, wato santimita 25.4. Faɗin nan ya fi amfani wajen saukowa. Mai hawa da gaban ƙafa yake takawa, ɗan wuri kaɗan ya ishe shi. Mai saukowa kuwa yana jefa ƙafa ne ƙasa da nauyin jikinsa duka, idan wurin ya yi ƙaranci sai tafin ƙafar ya zarce baki, ya zame. Ita kanta matakalar faɗinta daga gefe zuwa gefe inci 36 ne aƙalla, kusan santimita 91, sannan daga bakin mataki zuwa rufin da ke sama a bar ƙafa 6 da inci 8, wato mita biyu da ɗan ɗoriya, don kada dogo ya bugi goshi. A sama da ƙasa kuma a bar fili inda mutum zai tsaya da ƙafa biyu kafin ya fara ko bayan ya gama.

Amma a ganina adadin da ya fi kowane muhimmanci a cikin babin matakala na kundin shi ne mafi ƙanƙanta. Kundin ya ce a jeri ɗaya na matakala, bambancin da ke tsakanin mataki mafi tsayi da mafi gajarta kada ya wuce kashi uku cikin takwas na inci, wato milimita 9.5, bai ma cika santimita ɗaya ba. Haka ma faɗinsu. Dalili shi ne, mutum ba ya kallon kowane mataki. Da ya taka biyu ko uku na farko, jikinsa ya ɗauki awon, daga nan ƙafa ke tafiya da kanta, yana hira ko yana duba waya, kuma takan wuce bakin mataki da 'yar tazara kaɗan ƙwarai. Idan mataki ɗaya ya fi 'yan'uwansa tsayi, yatsu su daki bakinsa. Idan ya fi su gajarta, ƙafar ta sauka tun kafin lokacin da jiki ya shirya mata. Matakala mai tsayi amma daidai-wa-daida tana gajiyar da gwiwa, duk da haka mutum na ganinta ya yi hattara. Mai mataki ɗaya da ya saɓa ita ce mai yaudara, domin ido ba ya kama ta.

Kuma sau da yawa wuri ɗaya ake samun matsalar: matakin farko ko na ƙarshe. An gina matakala daidai, daga baya aka zo aka shimfiɗa tayil ko katako a falon ƙasa, ba a yi wa matakan irinsa ba. Idan siminti da tayil suka ɗaga daɓen da santimita 3, matakin farko ya rage tsayi da santimita 3 ke nan, ninki uku na abin da aka yarda da shi. Idan a saman bene aka yi shimfiɗar, na ƙarshe ne zai ƙaru. Shi ya sa gogaggen mai duba gida yakan fara awo daga waɗannan biyun.

Sai abin dafawa. Duk matakalar da ta kai mataki huɗu dole a sa mata shi, aƙalla a gefe ɗaya, a tsayin inci 34 zuwa 38 daga bakin mataki. Ba kowane katako da aka kafa a bango ne ya cancanta ba. Ana son wanda hannu zai iya damƙewa, idan mai zagaye ne kaurinsa inci ɗaya da kwata zuwa inci biyu, da tazarar inci ɗaya da rabi tsakaninsa da bango don yatsu su shiga. Ƙarshensa kuma a lanƙwasa shi ya koma jikin bango ko ya ƙare a ginshiƙi, kada ya tsaya a sarari ya sarƙe hannun riga ko igiyar jaka. Mai sa babbar riga ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Inda gefe yake buɗe kuma zurfinsa ya wuce inci 30, sai an yi shinge. A baranda da saman bene tsayinsa inci 36, sandunansa a matse yadda ƙwallo mai faɗin inci 4 ba zai ratsa ba. Ƙaramin yaro aka duba aka tsayar da wannan awon.

Kada a ɗauka lambobin nan kimiyya ce zalla. Tun ƙarni na 17 masanin gine-gine na Faransa, François Blondel, ya lura cewa tsayin mataki sau biyu haɗe da faɗinsa ya kamata su yi daidai da takun mutum, kuma har yau ana aiki da lissafinsa. A Ingila ƙa'idar gidajen zama ta ce jimillar ta faɗa tsakanin santimita 55 da 70, ta kuma yarda da tsayi har santimita 22. A Amurka kuwa, gine-ginen jama'a irin su ofisoshi da makarantu ana bin tsayin inci 7 da faɗin inci 11, wanda ya fi na gida sauƙin hawa. Ƙungiyoyin masu gina gidaje sun daɗe suna adawa da a kawo wannan cikin gidajen zama, domin matakala mai sauƙi tana cin fili, fili kuma kuɗi ne. Jihohi irin su Fensilbaniya da Masacusets ma sun riƙe tsohon awo na tsayin inci takwas da kwata da faɗin inci 9. Abin ɗaure kai: gida ne wurin da tsoho ke sauka da dare ba fitila, mace ke hawa da goyo da kwanon abinci, amma shi aka bar wa matakala mafi wuya.

Shi mai duba gida ba jami'in hukuma ba ne. Ba ya rufe gida, ba ya cin tarar kowa. Tsohon gidan da aka gina bisa ƙa'idar zamaninsa ba a tilasta wa mai shi ya rushe matakalarsa don kundi ya canza, sai in zai yi babban gyara. Abin da mai dubawa ke yi shi ne ya rubuta haɗarin a rahoto, mai saye kuma ya nemi a gyara, ko a rage kuɗi, ko ya fasa.

A wajenmu, inda matakala galibi ta kankare ce, gyara bayan ta bushe sai da guduma. Don haka mai gina bene ya yi lissafi tun katako na hannun kafinta. Idan daga daɓen ƙasa zuwa na sama mita 3 ne, mataki 15 zai ba da tsayin santimita 20, ya wuce ƙa'idar. Mataki 16 zai ba da santimita 18.75, kuma jerin zai ci fili kusan mita 3.8 a tsawo. A bar masa wannan filin tun a zane. Kafin a zuba kankare, ka sa magini ya auna kowane mataki a gabanka, kuma ku saka kaurin tayil na ƙasa da na sama a cikin lissafin.