3.4 Illolin Shan Taba Sigari ga Fatar Jikin Ɗan'adam

A wannan sashe za a duba yadda shan taba sigari yake lalata fata, da kuma hanyoyin da wannan lalacewa take bi. Abin lura a nan shi ne, mafi yawan illar daga cikin jiki take tasowa ta hanyar jini, ba daga hayaƙin da ke taɓa fuska kaɗai ba.

Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000. Daga cikinsu akwai nikotin, wanda ke tsuke ƙananan jijiyoyin jini da ke ciyar da fata. Haka kuma iskar kabon monoksaid tana kama jini da ƙarfin da ya ninka na iskar oksijin sau 200 ko fiye. Sakamakon haka, fata ba ta samun isasshen abinci da iska, sai ta bushe ta dushe.

Bugu da ƙari, hayaƙin yana rusa kolajin, wato sinadarin da ke riƙe fata ya ba ta ƙarfi da laushi. Wannan ne yake jawo tamoji tun kafin tsufa, musamman a gefen idanu da kewayen baki. A shekarar 1985, wani likita a Ingila mai suna Douglas Model ya bayyana waɗannan alamomi, ya kira su fuskar mashayin taba. Ban da wannan, akan ga baƙin leɓɓa da dasashi, da kuma rawayar yatsu da farce.

Illa mafi hatsari ita ce jinkirin warkewar rauni. Mashayin taba da aka yi wa tiyata ya fi fuskantar ruɓewar ɗinki da shigar ƙwayoyin cuta. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2020 cewa daina shan taba makonni 4 ko fiye kafin tiyata yana rage wannan matsala. Haka nan, shan taba yana ƙara hatsarin kamuwa da sankarar leɓe.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa shafe-shafen mai ba zai magance matsalar ba, tunda tushenta yana cikin jini. Daina shan taba shi ne magani, domin da zarar an daina, gudanar jini zuwa fata takan fara daidaita, ko da yake tamojin da ya riga ya zauna ba ya gogewa gaba ɗaya.