Maganin ƙurajen fuska da zafin bazara

Cikin watan Maris na shekarar 2025, hukumar magunguna ta Amurka ta bayyana cewa ta auna iri 95 na maganin shafawa na ƙurajen fuska mai sinadarin benzoyil feroksid. An tarar da benzen, mai haddasa sankarar jini, ya zarce ƙima cikin shida. Kamfanoni suka janye su daga kantuna, har da Effaclar Duo, ko da yake hukumar ta ce haɗarin ƙanƙane ne.

Zafi ke rushe sinadarin ya saki benzen. To, a Tawa ko Damagaram, inda bazara kan wuce digiri 40, ina ga kwalin da ya yini bisa tiren ɗan talla? Wanda lokotoro ya rubuta ma shi, ya saya farmasi, ya aje inda babu rana.