Gano Matsalolin Lantarki a Fitilun Ɗakin Ɗaukar Hoto

Gabatarwa

Hoto haske ne aka kama aka adana, saboda haka duk mai ɗakin ɗaukar hoto da fitilarsa ta mutu, sana'arsa ce ta tsaya. Sau da yawa abin da ya lalace ɗan ƙarami ne, amma rashin sanin inda za a duba kan jawo asarar kuɗi, wani lokaci ma asarar rai. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda fitilar walƙiya take aiki, da yadda ake bin sawun matsalarta daki-daki kamar yadda likita yake bin alamomin cuta.

Yadda Fitilar Take Aiki

Harold Edgerton, wani masanin injiniya a Amurka, shi ne ya inganta fitilar walƙiya ta lantarki tun daga wajejen shekarar 1931. Fitilar tana da muhimman sassa uku. Na farko shi ne kafasita, wato ma'ajiyar lantarki, wadda take tara wuta a hankali kamar yadda randa take tara ruwa, har ƙarfinta ya kai bolt 300 ko fiye. Na biyu shi ne bututun gilashi mai cike da iskar zenon, wadda William Ramsay da Morris Travers suka gano a shekarar 1898. Wannan iska ba ta barin lantarki ya ratsa ta haka kawai. Sai sashe na uku, wani ɗan ƙaramin taransifoma, ya harba mata dubban bolt, sa'an nan hanya ta buɗe, kafasita ta juye abin da ta tara gaba ɗaya cikin kimanin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Wannan juyewa ita ce walƙiyar da muke gani. Akwai kuma wani ƙwan fitila dabam da yake ci kullum, domin mai ɗaukar hoto ya ga inda inuwa za ta faɗa.

Bin Sawun Matsala

Ƙa'idar ita ce a fara daga waje a nufi ciki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma a canja abu ɗaya tak a kowane gwaji. Wanda ya canja abubuwa uku a lokaci guda, ko da fitilar ta tashi, bai san wanne ne ya lalace ba.

Idan fitila ta mutu murus, a fara da soket: a jona wani abu da aka tabbata yana aiki. In akwai wuta, a gwada wata wayar dabam, domin waya takan tsinke daga ciki kusa da filogi saboda yawan lanƙwasawa. Daga nan sai fis. A cire filogi, a musanya shi da mai lamba daidai da tasa. Fis mai gadi ne, yana ƙonewa domin ya ceci sauran kayan. In sabon ya sake ƙonewa nan take, to akwai wayoyin da suka haɗe a ciki, sai a tsaya. Ɗaure fis da zaren waya, kamar yadda wasu ke yi, gayyatar gobara ce.

A lura kuma da rubutun da ke bayan fitilar. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa bolt 120. Fitilar da aka ƙera domin Amurka kaɗai, in aka jona ta a Kano ko Zariya ba tare da taransifoma mai rage ƙarfi ba, za ta ƙone cikin ƙiftawar ido.

Idan ƙwan haskawa ne kaɗai ya mutu, a canja shi, amma kada a taɓa ƙwan halojin da yatsu. Maiƙon da fatar mutum take fitarwa yana manne wa gilashin, wurin ya fi sauran zafi, har ya kumbura ko ya fashe. A riƙe shi da tsumma mai tsabta.

Idan alamar shiri ta kama amma walƙiya ta ƙi fita, a danna maɓallin gwaji na jikin fitilar. In ta yi walƙiya, fitila lafiya lau take, laifin yana ga wayar da ta haɗa ta da kyamara, ko batirin na'urar aika saƙo. In ba ta yi ba, a dubi bututun: tsagewa ko baƙi a bakunansa alama ce ta ƙarewar kwanansa.

Idan kuwa fitilar tana jinkirin cika, a auna wutar da ke shigowa, domin raunin wuta ko janareta da aka yi wa lodi fiye da kima kan jawo haka. In wutar daidai take, mai yiwuwa kafasita ta tsufa. Zafi yana busar da ruwan sinadarin da ke cikinta, ƙurar hunturu kuma tana toshe kafofin shan iska ta ƙara zafin. Dogon ajiya ba amfani shi ma yana raunana ta.

Wata alamar takan ruɗi mutane, wato baƙin layi a gefen hoto. Wannan ba laifin fitila ba ne. Labulen kyamara ne ya yi sauri fiye da kima, domin yawancin kyamarori ba sa daidaita da walƙiya in saurin ya wuce kashi ɗaya bisa 200 ko 250 na daƙiƙa.

Lantarki da Jikin Ɗan Adam

Jijiyoyi da tsokokinmu da ƙaramin lantarki suke aiki, zuciya ma da shi take tsara bugunta. Saboda haka lantarkin waje yana iya ƙwace ragamarsu. Mutum yakan ji miliamfiya 1. A wajejen 10 zuwa 20 tsokar hannu takan ƙame ta kasa sakin waya. In kimanin 100 ta ratsa ƙirji, zuciya takan rikice, ta riƙa karkarwa maimakon harba jini. Busasshiyar fata tana ɗan tare lantarki, amma gumi, da yake ruwan gishiri ne, yana rage wannan kariya ƙwarai.

Babban haɗarin fitilar walƙiya shi ne kafasita tana riƙe wutarta ko bayan an cire filogi. Fitilar ɗaki mai matsakaicin girma takan tara jul 400, alhali na'urar farfaɗo da zuciya a asibiti ba ta cika wuce jul 360 ba. Ƙarfin da ya isa ya tayar da zuciya ya isa ya tsayar da ita. Don haka buɗe cikin fitila aikin ƙwararren mai gyara ne, wanda ya san yadda ake zubar da wutar kafasita, ya kuma tabbatar da mita kafin ya sa hannu.

Kammalawa

Mai ɗakin hoto ya tabbata wayar ƙasa tana haɗe, ya guji tara fitilu a soket ɗaya, ya share ƙura, ya kuma kashe wuta da zarar ya ji ƙaurin roba. Malamai na iya amfani da wannan misali a aji, domin lura da alama, da yin hasashe, da gwada abu ɗaya a lokaci ɗaya su ne ginshiƙan binciken kimiyya. Rigakafi dai, in ji Hausawa, ya fi magani.