Kwarjini Ba Tsawa Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai, kalmarmu ta wannan mako ita ce kwarjini. Mukan ce malami yana da kwarjini idan shigowarsa kaɗai ta sa aji ya yi tsit, alhali bai ɗaga murya ba, bai riƙe bulala ba. In kuwa ka ce "ya yi mini kwarjini", to ka shirya maganarka tsaf ne, kuna haɗa ido bakinka ya mutu.

Kada mu haɗa shi da farin jini. Mai farin jini kowa na son zama kusa da shi, mai kwarjini kuwa sai an gyara tsayuwa ake tunkararsa. Wasu monitocinmu tsawa kawai suke dakawa, su ɗauka kwarjini ne. Suna juya baya mu koma surutunmu.