Rangwamen haraji a Kalmalo: sai mai rasit a hannu

Kafin Janairun 2026, ma'aikacin da ke biyan harajin kuɗin shiga a Najeriya yana samun rangwame ba tare da ya nema ba. Doka tana ware masa Naira 200,000 ko kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarsa, duk wanda ya fi yawa, a ƙara da kashi 20 cikin 100, sannan a lissafa haraji a kan saura. Dokar Haraji ta 2025, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu ranar 26 ga Yuni, ta soke wannan tsari.

A Amurka mai biyan haraji yana da zaɓi: ko ya karɓi rangwamen bai-ɗaya, ko ya jero abubuwan da ya kashe ɗaya bayan ɗaya idan sun fi tsoka. A nan Naira 800,000 na farko a shekara ba su da haraji, amma duk wani rangwame bayan wannan sai an nema, kuma hukuma na iya cewa a kawo shaida. Abubuwan da doka ta amince a cire sun haɗa da kuɗin fansho, asusun gidaje na ƙasa, inshorar lafiya da ta rai, ruwan bashin gina gidan da mutum ke ciki, da kashi 20 cikin 100 na kuɗin haya, muddin bai wuce Naira 500,000 ba.

A ɗauki misalin malamin asibiti da aka turo Kalmalo, a Ƙaramar Hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, mai samun Naira miliyan 2.4 a shekara, yana biyan hayar Naira 300,000. Za a cire masa Naira 60,000 daga kuɗin da ake yi wa haraji. Tunda yana rukunin kashi 15 cikin 100, abin da zai tsira a aljihunsa Naira 9,000 ne. Ba yawa, amma ya fi wahalar neman takarda daga mai gida.

Sai dai haya a ƙauye galibi da baki ake ƙulla ta, a gaban shaidu, ba rasit. Wanda kuma yake zaune a gidan gado, kamar yawancin 'yan garin, ba shi da kaso a wannan rangwame ko kaɗan. Da alama ɗan birni aka duba lokacin da aka rubuta wannan sashe.

Dillalin albasa da ke kai kaya kasuwar Illela, daf da iyakar Nijar, lissafinsa daban ne. Kuɗin mota, buhuna da ladan lebura ana cire su kafin a gane riba, idan yana da littafin ciniki. Idan babu, Hukumar Tattara Haraji ta Jihar Sakkwato na iya yi masa ƙiyasi, kuma ba shi da abin da zai ja da shi. Wa'adin miƙa bayanan shekara shi ne 31 ga Maris.